Wayarin Shagon Gyaran Gashi: Lissafin da Ake Yi Kafin a Sa Tayil da Madubi

Yawancin shagunan hayar da ake jerawa a bakin titi a Zariya, daga PZ zuwa Tudun Wada, daga Kwangila zuwa Samaru, wayarinsu iri ɗaya ne: ƙwan fitila biyu, fanka ɗaya, soket ɗaya ko biyu, duk a kan siririyar wayar da aka bi da ita ta cikin silin. Mai ginin bai san wanda zai kama shagon ba, don haka ya yi abin da zai ishi mai tireda ko mai sayar da atamfa. Su kam ya ishe su. Magana tana canzawa ne ranar da mai gyaran gashi ko mai gyaran jikin amare ta karɓi makulli. Za ta kashe kuɗi a tayil, da madubai, da kujeru masu juyawa, da fitilu masu ado, amma wayar da ke cikin bango tana nan yadda aka bar wa mai tireda. Alhali sana'ar da aka shigo da ita sana'a ce ta zafi da ruwa, kuma a harkar lantarki babu abin da ya kai waɗannan biyun cin wuta da kawo hatsari.

Domin a ga girman abin, yana da kyau a leƙa wata sana'a da babu ita a nan. A Amurka da ƙasashen Turai akwai shagunan da Turawa ke zuwa su biya kuɗi a duhunta musu fata. Mutum zai kwanta cikin wani gado mai murfi, fitilu dogaye suna haska shi sama da ƙasa da irin hasken rana mai ƙona fata. Mu da rana ke yi wa wannan aikin kyauta a watan Afrilu, abin dariya zai ba mu, kuma ba sana'ar kwaikwayo ba ce: a 2009 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan na'urori cikin sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar daji, Brazil ta haramta su a shekarar, Ostireliya ma ta rufe shagunansu daga 2015. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake yi musu wayarin. Gado ɗaya yana iya ɗaukar fitilu 40, kowace tana cin wat 160. Wat 6,400 ke nan tun ba a haɗa da fankokin da ke sanyaya shi ba. Shagon da ke da gadaje goma ya fi ƙaramar masana'anta cin wuta, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa, sai an ƙara manyan na'urorin sanyaya ɗaki su kwashe shi.

Saboda haka a can ba a fara gini sai an zauna an yi lissafi. Kowane gado da layinsa na kansa tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarsa, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta idan kaya sun yi yawa, ba ya haɗa waya da kowa. Kundin ƙa'idar wayarin na Amurka, wanda ake kira NEC, an fara fitar da shi a 1897 kuma ana sabunta shi duk shekara uku, ya ce duk kayan da zai yi awa uku ko fiye yana aiki ba tsayawa, a lissafa wayarsa da birekarsa a kan kashi 125 cikin 100 na abin da yake ci. Ya kuma wajabta a bi umarnin kamfanin da ya ƙera na'ura wajen haɗa ta. Manyan gine-ginen kasuwanci a can sau da yawa bolt 208 suke bayarwa, gadajen kuwa 220 zuwa 240 suke so, don haka ake sa musu ƙaramar taransifoma mai ɗaga wuta kaɗan. Dokar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar kuma ta ce dole na'urar ta kasance da agogon da zai kashe ta da kansa, da makunnin da wanda ke kwance zai iya kai hannu ya kashe. Lambobin Amurka ba namu ba ne, domin su bolt 120 da 240 suke amfani da shi a kan bugu 60 a daƙiƙa, mu kuwa bolt 230 ne a layi ɗaya, kusan 400 tsakanin layuka uku, a kan bugu 50. Amma tsarin tunanin ɗaya ne: a ƙirga kaya tukuna, sannan a zaɓi waya.

To mu ƙirga namu. Kowace na'ura tana da ɗan rubutu a jikinta ko a ƙarƙashinta da ke nuna wat nawa take ci. A raba wannan adadi da 230, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Ɗauki misalin salun matsakaici. Dirayar hannu uku, kowace wat 2,000. Dirayar zama, wadda ake kifa wa mace a ka, guda biyu, kowace wajen 1,200. Hitar ruwan wanke kai 2,000. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wajen 1,200. Na'urar turara gashi 700. Ƙananan kaya irin su abin miƙar da gashi, fitilu, fanka, talabijin da ƙaramin firji, a ce 700. Jimla wat 13,000, wato amfiya 56 da ɗoriya. Gida mai ɗaki huɗu da falo sau da yawa bai kai haka ba.

Mai wayarin zai ce ai ba duka ake kunnawa lokaci guda ba, kuma da gaskiyarsa. Ƙa'ida ma ta yarda a rage wani abu saboda haka. Sai dai ragin da ake yi wa gidan zama ba shi ake yi wa salun ba. A gida ba a cika kunna hita da abin guga da tukunyar lantarki a minti ɗaya ba. A salun kuwa, ranar jajibirin Sallah, ko Alhamis da Juma'ar da ƙawayen amarya suka cika shago, kowace kujera da mutum a kai, kowace diraya tana kuka, hita ba ta hutawa, esi yana fama. Wannan ranar ce za a yi wa lissafi, ba Talatar da mutum biyu suka zo ba. Ko an rage kashi ɗaya cikin huɗu, ana maganar amfiya sama da 40, kuma wannan ya riga ya fi ƙarfin wayar da ta shigo yawancin shagunan haya.

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a kaurin waya ake yawan cutar mutane. Kaurin waya da milimita ake faɗinsa: 1.5 ta fitilu, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta hita da esi, 10 ko 16 ta babban layin da ke shigowa daga mita. Teburin ƙa'idar Birtaniya, BS 7671, wanda masu wayarin da suka yi karatu a ƙasar nan ke aiki da shi, ya nuna cewa wayar jan ƙarfe mai rigar roba da aka zura cikin fayif a jikin bango tana ɗaukar kimanin amfiya 17 idan 1.5 ce, 24 idan 2.5 ce, 32 idan 4 ce, 41 idan 6 ce, 57 idan 10 ce. Waɗannan lambobi da yawa sun haddace su. Abin da ake mantawa shi ne an auna su ne a wurin da zafinsa digiri 30 ne. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin silin a ƙarƙashin kwano a Zariya tsakanin Maris da Afrilu ya san can ba digiri 30 ba ne. Teburin ya tanadi wannan: a digiri 40 a ninka da 0.87, a digiri 45 da 0.79. Wayar 2.5 ɗin nan mai amfiya 24 ta koma 19. Idan kuma an cusa layuka uku cikin fayif ɗaya don tsimin fayif, suna ɗumama juna, sai a sake ninkawa da 0.70, ta koma 13. Diraya biyu kacal suna jan amfiya 17. Ke nan wayar da a takarda ta isa, a cikin silin ta gaza tun kafin a kunna ta uku.

Kuma zafin waya ba ya tafiya kai ɗaya da nauyin da aka ɗora mata. Idan wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Robar da ke jikin irin wannan waya an yi ta ne ta jure digiri 70. Ba rana ɗaya take narkewa ba. Tana bushewa ne a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage, wata da watanni babu wanda ya gani, sai ranar da wayoyi biyu suka haɗu kusa da katakon rufi. Shi ya sa gobarar lantarki ke yawan tashi a shagon da mai shi zai rantse ya shekara biyu a haka babu abin da ya faru.

Sai kuma ingancin wayar kanta. Akwai wayar da ake rubuta 2.5 a jikinta amma ƙarfen cikinta bai kai ba, an cike da roba. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama; idan aka kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana, kuma a hannu ba ta da nauyi. Alminiyam ba ya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga shi yana sakin jiki a bakin noti, wurin ya yi sako-sako ya fara zafi. Wayoyin da ake yi a gida Najeriya, irin su Coleman, Cutix, Nigerchin, da Nocaco da ke nan Kaduna, sun yi suna a wajen masu sana'a, kuma sunan nan ne ya sa ake yin jabunsu. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, kuma tambarinta a jikin naɗin waya abin dubawa ne, amma ni a ganina abin da ya fi tambari shi ne mai shago ta sayi waya da kanta a wurin dilan da aka sani, tare da mai wayarin, ta karɓi rasit. Ba don ana zargin kowa ba. Idan aka haɗa kuɗin kaya da kuɗin aiki a dunƙule, aka kuma matse mutum a ciniki, a wayar zai fanshe.

Nisa ma yana da nasa. Shagon da ke ƙarshen layi, wanda aka jawo masa wuta daga mitar da ke mita 40 daga ƙofarsa, yana asarar wuta a hanya. Wayar 2.5 mai ɗauke da amfiya 20 a wannan nisa tana zubar da bolt 14, alhali ƙa'ida ba ta so ya wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5. Da wayar 4 asarar ba ta kai bolt 9 ba.

Yanzu bireka. Akwai kuskuren fahimta da ya yi katutu: mutane suna ɗauka bireka tana kare mutum ne daga jan wuta, ko tana kare na'ura. Waya take karewa. Aikinta ta faɗi kafin wayar da ke bayanta ta yi zafin da zai lalata ta, don haka dole lambarta ta kasance ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka a inda aka shimfiɗa ta. Abin da ke faruwa a shaguna shi ne, bireka mai amfiya 16 ta dami mutane da faɗuwa ana tsakiyar aiki, sai a kira yaro. Shi kuma ya ce, "Hajiya, wannan ta yi ƙanƙanta, bari a sa babba." Ya cire ya sa mai 32 ko 63 a kan wayar nan ta 2.5. Faɗuwa ta daina, Hajiya ta yi godiya. Abin da aka yi daidai yake da jaki ya durƙushe saboda kaya sun yi masa yawa, maimakon a rage kayan sai aka ɗaure masa ƙafafu da itace don kada ya sake durƙusawa. Haka nan wanda ke naɗa zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone. Bireka mai yawan faɗuwa ƙarin layi take nema.

Tsarin da ya dace da salun irin na misalinmu shi ne shagon ya samu akwatin rarraba wuta nasa, a wurin da hannu ke kaiwa, ba a bayan kabad ba. Hita da layinta, esi da layinsa, kowanne da makunnin da ke yanke wayoyi biyu, mai wuta da ta dawowa. Kujerun aiki a raba su, kada diraya fiye da ɗaya ko biyu su hau layi guda. Fitilu su zauna a nasu layin, domin idan soket ya jawo faɗuwar bireka kada shago ya yi duhu alhali wata tana riƙe da ƙarfe mai zafi kusa da kunnen mutum. A rubuta sunan kowace bireka a jikin murfin. A bar gurbi biyu ko uku babu komai, domin salun ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Idan lissafi ya kai amfiya 50 zuwa 60, lokaci ya yi da za a je ofishin Kaduna Electric a nemi layi uku da mitarsa, a raba kayan daidai a kansu. Layi uku a nan ba don a riƙa tsalle daga wanda ya mutu zuwa mai rai ba ne, kamar yadda aka saba. Don a raba nauyi ne.

Soket kuwa a yawaita shi a bango tun farko, biyu-biyu a kowace kujera, a tsayin da igiyar diraya ba za ta ja ƙasa ba. Filoginmu mai ƙafa uku amfiya 13 ne iyakarsa, wato ƙasa kaɗan da wat 3,000. Abin jona soket mai baki huɗu ko shida da ake shimfiɗawa a ƙasa, duk bakunan nan ta filogi ɗaya suke sha. Diraya biyu a kansa sun riga sun wuce iyaka, balle irin mai arha da siririyar igiya. Duk soket ɗin da ya yi baƙi-baƙi a baki, ko yake ɗumi idan an taɓa, ko ake jin ƙaurin roba kusa da shi, ya gama aiki.

Abin da ke kare ran mutum daban ne, kuma abu biyu ne da ke aiki tare. Na farko wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira atin, mai launin kore ko kore da rawaya. Tana haɗa jikin ƙarfen kowace na'ura da sandar da aka kafa cikin ƙasa, ta yadda idan wuta ta ɓalle ta taɓa jikin hita, za ta samu hanyar wucewa ba ta jikin mutum ba. A shaguna da yawa idan aka buɗe soket, ramin sama babu komai a bayansa. Na biyu wata na'ura ce mai kama da bireka da ake kira RCD. Ita tana auna wutar da ta fita ta wayar mai wuta da wadda ta dawo; idan suka bambanta, ta san wani abu yana zurarewa ta wani wuri, sai ta yanke cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Wadda ake sawa don kare mutum mai lamba 30mA ce, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. A kwatanta wannan da bireka mai amfiya 20. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji, kuma tun kafin nan tsokar hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Bireka ba za ta ma san ana yi ba.

A salun wannan ba ado ba ne. Mace ta kwantar da kai cikin kwanon wanki, wuyanta a jiƙe, mai wanke mata hannunta cikin ruwa, ƙafarta a kan jiƙaƙƙen tayil, ruwan kuma daga hitar lantarki yake zuwa. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Ɗakin dilka da halawa, inda ake wanka da turara jiki, ya fi haka ma, domin mutum ba takalmi ba sutura. Irin wannan ɗaki a ɗauke shi kamar banɗaki: babu soket kusa da wurin wanka, fitilarsa mai rufi ce da tururi ba ya shiga, makunninta a waje. Ita kuwa hitar nan ta ƙarfe da ake tsomawa cikin bokiti, ba ta da wurin zama a shagon da ake karɓar kuɗin mutane. RCD tana da ɗan maɓalli a jikinta na gwaji. A danna shi lokaci-lokaci, idan ba ta faɗi ba a canza ta. Kuma gara a raba shagon a kan guda biyu, ko a sa irin wadda ke haɗe da bireka a kowane layi, don kada matsalar hita ta kashe shago gaba ɗaya har a ji haushi a cire ta.

Sandar ƙasa tana da wata magana ta musamman a yankinmu. Ƙarfinta ya dogara da damshin ƙasa. Sandar da aka kafa a watan Agusta, ƙasa na jiƙe sharkaf, za ta ba da awo mai kyau. A dawo a auna ta a Maris bayan hunturu ya busar da jar ƙasar nan, sai a ga abin ya canza. Don haka a kafa ta da zurfi, a wuri mai damshi, idan ɗaya ba ta isa ba a ƙara ta biyu da tazara a haɗa su. An saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Gishirin yana gyara awo na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi. Kada a binne mahaɗin waya da sandar a ƙarƙashin siminti. A bar masa ɗan rami mai murfi. Kuma da na'ura ake aunawa, ba da ƙwan fitila ba. Ƙa'idar Birtaniya ta yi gargaɗin cewa awon da ya wuce om 200 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) ba abin dogaro ba ne, masu aiki da kyau kuwa ƙasa da haka nesa suke nema.

Duk wannan lissafi an yi shi ne kamar wuta tana zuwa 230 cif, alhali kowa ya san yadda take. Idan ta yi ƙasa, diraya ba ta zafi sosai, wannan ɓata lokaci ne kawai. Injin esi da na firji su ne ke wahala, domin suna ƙara jan wuta su yi zafi. Sitabilaiza tana gyara musu, amma ba daga sama take samo ƙarin ba: na'urar wat 2,000 da ke jan amfiya 9 a bolt 230, idan wuta ta faɗo 150 sitabilaizar za ta ja sama da 13 daga bango, kuma wayar da ke ciyar da ita dole ta iya ɗauka. Mafi muni shi ne wayar dawowa ta tsinke a kan layi uku, wuta ta haura kusa da 400 a wasu shaguna, a ƙona komai cikin minti ɗaya. Akwai ƙaramar na'ura da ake sawa a akwati mai yanke wuta idan ta yi sama ko ƙasa fiye da iyakar da aka saita mata. Kuɗinta bai kai na diraya mai kyau ɗaya ba.

Janareta ba zai ɗauki shagon misalinmu gaba ɗaya ba sai ya kai wajen kVA 16 ko fiye. Wanda yawanci ake da shi, mai 2.5 zuwa 3, diraya ɗaya da fitilu da fanka ne ƙarfinsa. Maganin a yi tun wajen wayarin: a ware layukan da za su hau janareta, a bar hita da esi a ɓangaren NEPA kawai. Haka ma sola da inbata: su riƙe fitilu, fanka da kilifa, kada a ɗora musu kayan zafi sai an yi musu girman haka. Haɗin kuma ta canjoba ake yi, wadda ke raba shago da layin waje gaba ɗaya. Igiya mai filogi a kai biyu da ake cusawa a soket tana mayar da wuta kan layi, tana iya kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin an ɗauke. A sa mai wayarin ya gwada RCD a kan janareta ma, domin a ƙananan janaretoci da yawa ba ta aiki sai an haɗa wayar dawowa da ta ƙasa yadda ya dace. Janaretan kansa a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa ba a jin shigarsa jiki.

Masu aski nasu da sauƙi, kilifa ba ta wuce wat 10 zuwa 20 ba. Abin lura kawai, kilifar da aka kawo daga Amurka ta bolt 120 ce, sai da ƙaramar taransifoma mai rage wuta, kuma irin mai maganaɗisu takan yi ƙara da zafi saboda an yi ta ne don bugu 60. Da zarar mai aski ya ƙara hita, da abin ɗumama tawul, da esi, ya shiga lissafin da ke sama.

Ta fuskar doka, ba a bar abin kara zube ba, ko da yake bin sa ya yi ƙaranci. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta a 2015, waɗanda ake kira NESIS. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta kafa NEMSA, hukumar da ke duba ayyukan lantarki, da gwada mitoci, da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da riƙe ta da wannan aiki. Abin da ake nufi shi ne mai takarda ya yi aikin, a gwada, sannan a jona wuta. Zariya ba ta rasa masu ilimin ba, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga tsofaffin masu sana'a da suka koya a hannu kuma suka iya. Tambayar da ke rarrabe su ba ta da wuya: a ce masa ya rubuta lissafin kayan shagon, da kaurin wayar kowane layi, da lambar birekarsa. Wanda ya ce ba sai an rubuta ba, ya saba, a nemi wani. Idan an gama, ya gwada rigar wayoyi, ya tabbatar wayar ƙasa ta kai kowane soket, ya auna sandar ƙasa da saurin faɗuwar RCD, ya rubuta sakamakon ya sa hannu. Sikurudireba mai fitila ba gwaji ba ne.

Akwai kuma batun mita. Inda shaguna shida ke shan mita ɗaya suna raba kuɗi daidai, shigowar salun faɗa ne ke jira. Diraya ɗaya tana cin yunit biyu a awa. A layin da ke rukunin A, na waɗanda aka fi ba wuta, wanda aka kai yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, wannan ya haura naira 400 a awa a farashin shekarar, kuɗin da mai tireda ba zai ci ba ko ya wuni da fitila. Mitar kai ta fi zaman lafiya, kuma tana sa mai shago ta san abin da za ta ɗora a kuɗin aiki.

Shagon gyaran gashi cike yake da abin da wuta ke so: gashin doki, man feshi, sifirit, tawul, labule, ga kaskon turaren wuta a gefe. Tukunyar kashe gobara ta gari ko ta iskar kabon ce ta dace, a rataye ta kusa da ƙofa, kuma kowace yarinya a shagon ta san yadda ake zare mata fil da inda babban makunni yake. Ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Idan an tashi da dare a kashe komai daga akwati, domin an sha ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a rufe shago a manta abin miƙar da gashi na kunne a kan tawul, a kawo wuta ƙarfe biyun dare.

Tunda shagon haya ne, a yi magana da mai gida kafin a fasa bango: wa zai biya sabon layi daga mita, za a cire daga kuɗin haya ne, kuma idan an tashi akwatin da wayoyin na wa ne. A rubuta a takardar haya. Idan mai gida bai yarda a fasa ba, ana iya bi ta kan bango cikin fayif ko farin kwalin roba mai murfi, wanda ma ya fi sauƙin dubawa da ƙarawa idan kujeru sun ƙaru.